Matsalar da Auta Ta Jefa Cikin Gwangwani

A unguwa Guduma ake ce masa. Masu kai masa gyaran inji sun ce hannunsa da albarka, bakinsa ne dai sai a hankali: ko sannu zai yi maka, sai ka ji kamar umarni ya ba ka. Mahaifiyarsa kan ce tun yana goye yake tsawa. Auta kuwa, matarsa ta shekara huɗu, ko an tambaye ta ba ta cewa komai a kansa.

Yau kwananta tara a gidan Yayarta.

Abin da ya kai ta can, wata rana surukarta ce ta dawo daga asibiti da takardar magani rubuce da Turanci, ƙannensa mata duk suna zaune a tsakar gida. Auta ta karɓa tana bin layin da yatsa, ta ce sau biyu a rana, bayan abinci. Sai Guduma ya fizge takardar.

"Ke da kika fara riƙe biro jiya-jiyan nan, so kike ki kashe min uwa?"

Aka kwashe da dariya. Da ya duba ya ga haka ɗin ne, sai ya ninke takardar ya zura a aljihu, ya ɗauko wata hirar.

A ranar ta yi yaji. Tun daga nan, kullum da safe sai ya tsaya ƙofar gidan Yaya, ko babur ɗinsa ba ya kashewa, ya ce ta haɗa kayanta ta dawo. Yaya kuwa har ta samo mata aiki a wani shagon tufafi a gari mai nisa, motar za ta tashi Asabar. Yau Alhamis. Auta ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ninke kayanta ta warware ya fi sau biyar.

Ajin Turanci ne kawai ba ta fasa ba. Tare da Guduma suka shiga, wata takwas da suka wuce, a wata makarantar firamare bayan yara sun tashi, kan bencin da gwiwar babba ke tokarar tebur. Yanzu ita tana bakin taga, shi yana can baya kusa da ƙofa.

Malama ta ce darasin yau shi ne yadda ake ba mutum shawara cikin ladabi. Ta ce da Turanci ba a jibga wa mutum shawara a ka, ana ajiye masa ita ne a gefe, in ya ga dama ya ɗauka. Ta rubuta hanyoyin a allo, suka yi ta maimaitawa: wadda ke nufin me zai hana ka yi kaza, da wadda ke nufin da ni ne kai, da wadda ke nufin wataƙila zai fi kyau. Sannan ta ɗora gwangwanin madara a tebur, ta ce kowa ya rubuta matsala guda, ban da suna, ya jefa.

Ciwon baya Auta ta yi niyyar rubutawa. Biron ne ya tafi wani wajen. A zatonta Malama gida za ta kai takardun ta duba, sai ta ga tana girgiza gwangwanin tana miƙa wa 'yan aji su zara.

Ta farko ta wani ce da zakaran maƙwabci ke hana barci. Aka ba shi shawarar ya sayi zakaran ya gayyaci maƙwabcin cin nama, aka sha dariya. Auta ba ta yi ba. Tana ta murza bakin mayafinta, tana ƙirga takardun da suka rage.

Baba Direba, dattijon ajin, shi ya zaro tata. Ya gyara tabarau, ya karanta da ƙyar, kalma-kalma: mijina ya kunyata ni a gaban danginsa saboda na yi karatu. Ni ce da gaskiya. Ya sani. Ina son sa, amma an samo min aiki a nesa. In tafi?

Nan take kowa ya ɗaga hannu.

Uwar Biyu mai shagon kayan miya ta miƙe, da Turancinta mai gargada ta ce da ita ce wannan baiwar Allah, tafiyarta za ta yi. Malama ta yaba mata, ta ce jimlar ta fita daidai. Wani mai gadi ɗan ajin ya ce wataƙila zai fi kyau a sa manya a ciki. Baba Direba ya ce me zai hana ta bar shi da tukunya da wanki wata guda, ya ga ko tsawa na dafa abinci.

Auta ba ta waiwaya ba, amma tana jin yadda bencin baya ke ƙara. Ta fara tattara littattafanta.

"To shi mijin fa, wace shawara za mu ba shi?" in ji Malama. "Guduma, yau ban ji muryarka ba."

Ya miƙe, bencin ya kife a bayansa. Ya dubi allo, ya kamo jimlar ƙarshe, ya ce wataƙila zai fi kyau mutumin ya... sai ya tsaya. Malama ta ɗora masa kalma. Ya sake farawa, ya sake maƙalewa, gumi na bin wuyansa. Auta ta rataya jaka ta nufi ƙofa, kuma dole ta gabansa za ta wuce.

"Autata," ya ce da Hausa, a hankali. "In kin yarda... ki ɗan tsaya."

"Ka karya doka," in ji Uwar Biyu. "Mai Hausa a aji shi ke shara, tsintsiya na jiran ka." Sai ta dubi fuskar Auta, ta kama bakinta da tafin hannu.

Auta ta tsaya, hannunta a kan ƙyauren. Tun da ta san shi ba ta taɓa jin ya ce in kin yarda ba.

Ya ce ba shi da shawarar da zai ba ta. In ta tafi, ba wanda zai ga laifinta. Ya ce ranar ya ji kunya ne, ta fi shi karatu a gaban mahaifiyarsa, sai ya juye kunyar a kanta. Gobe zai tara su duka a tsakar gidan da abin ya faru, ya faɗa da bakinsa cewa ita ce ta karanta daidai.

"Har da ƙannenka?" ta tambaya, ba ta dube shi ba.

"Har da su."

Sannan ta saki ƙyauren, ta sunkuya ta tayar da bencin da ya kife, ta zauna a gefe ɗaya, ta bar masa ɗayan. Hawaye na ɗiga a kan jakarta.

Bai zauna ba. Ya durƙusa nan kan simintin, a gaban Malama da Baba Direba da kowa.

"Na ci mutuncinki, Auta. Ban kyauta ba... Ki yafe min."