Ɗinki Bakwai a Hannun Damisa

Layin ya matsa gaba, Karimatu ba ta matsa ba.

"Ke, tafi mana! Mutane na jira," in ji Zubaida, 'yar kawunta, tana zungurinta da gwiwar hannu.



Idonta na kan hannun mutumin da ke zaune bayan tebur yana sa wa mutane hannu a hotunansa. Fuska kam ba shi da ita. An rufe ta ruf da baƙar fata mai ɗige-ɗige, sai kafar ido biyu da ta baki. A allon da ke bayansa an rubuta da Turanci wai Damisar Hamada ke nan, dodon kokawa daga tsakiyar Afirka, ba ya jin yaren kowa, ba ya yi wa kowa magana.

Da hagu yake rubutu. A gindin babban yatsan akwai tabo mai lanƙwasa kamar jinjirin wata.

Ɗinki bakwai.

Ta sani, don ita ta yi su.

Shekara biyu ke nan. Tana ɗalibar aikin jinya a babban asibitin Camberwell da ke Landan aka shigo da wani dogon saurayi, murfin gwangwani ya tsarge masa hannu. Sista ta tsaya a kanta ta ce ta ɗinke. Ta soma ɗinki, shi ko ƙifta ido bai yi ba. Sai da ta kai na biyar ya dubi sunan da ke ƙirjin rigarta ya ce da Hausa, "Sannu da aiki, 'yar gida. Ki ɗinka a hankali, ba sauri nake ba."

Nata'ala ke nan. Mutumin Gwadabawa, ɗan gidan 'yan kokawa, wanda gwamnati ta turo karatun injiniya a shekarun da kuɗin mai ya sa ake kwasar samari jirgi-jirgi ana kawowa Ingila. Ba shi da yawan magana, sai dai abu ɗaya da ba ya gajiya da faɗa.

"Karimata, tun ina ɗan shekara sha biyar nake shiga fage. Bayan nan nawa bai taɓa sanin ƙasa ba."

Wata takwas da suka wuce ya ce an tura shi Newcastle, can arewacin Ingila, koyon aiki. Tun daga nan sai wasiƙa, duk mako biyu. Ita ta gama karatunta, aiki na jiranta a Kano, sau biyu tana ɗage tafiya saboda shi. Jibi Litinin ne booking ɗin jirginta na ƙarshe, Kawu Abdulƙadir ya ce ba zai sake zuwa roƙon kowa ba.

Ga shi yau, Asabar da rana tsaka, a wani zauren taro a unguwar Edmonton cike da tsofaffin Turawa da hayaƙin taba, hannun da ya kamata a ce yana Newcastle yana rubutu a gabanta.

Ba ta san lokacin da ta isa teburin ba. Ta tura hoton da Zubaida ta saya mata a bakin ƙofa.

Bai ɗago ba. Ya ɗora alƙalami.

"Nata'ala..."

Alƙalamin ya tsaya cak.

A hankali kan ya ɗago. Ta cikin kafofin nan biyu ta ga idanun da ta sani, sun yi jajir nan take.

"Kai ne ko?" ta ce. "Ba faɗa na zo yi ba. Wallahi ban ma san inda aka kawo ni ba. Ka ce min na'am kawai."

Shiru.

Wani gajeren Bature mai jar kwat da ke tsaye a bayansa ya sunkuyo yana murmushi, ya ce mata da Turanci, "Ba ya magana, 'yammata. Ko uwarsa ce ta zo. Doka ce, ranar da ya buɗe baki a gaban jama'a, ranar nan aikinsa ya ƙare." Mutanen layi suka yi dariya.

Ba ta ko kalle shi ba.

"Masoyi, jibi zan tafi. Ka ji? Jibi! Kalma ɗaya... sunana kawai."

Ta ga yatsunsa sun matse alƙalamin har tabon ya yi fari. Ya ɗan juya ya dubi mai jar kwat, ya dubi layin da ke bayanta.

Sai ya sunkuya ya rubuta Damisar Hamada, ya zana ɗan farcen damisa a ƙasan sunan kamar yadda ya yi wa kowa, ya turo mata hoton.

"Na gaba!" in ji Baturen.

A barandar waje ta jingina da bango. Zubaida ta biyo ta tana gyara gashin dokinta.

"Sorry, Karima. Gani na yi gara ki gani da idonki."

"Tun yaushe kika sani?"

"Wata uku. Scholarship ɗinsa tun bara gwamnati ta yi cancel, ta daina biya, sau biyu yana faɗuwa jarrabawa. Newcastle kuwa bai taɓa takawa ba. Wani direban lori yake ba wasiƙun yana jefa masa a can."

"Wata uku kina kallona ina karanta miki su..."

Zubaida ta kau da kai. Ita ma ta ƙyalla ido a kan Nata'ala a wani bikin sallah na ɗalibai, ita ta fara gayyato shi gidansu cin tuwo. Ya zo, ya ci, ya tashi ya raka Karimatu tashar jirgin ƙasa za ta aikin dare. Ba ta taɓa ta da maganar ba. Ba ta kuma manta ba.

"Saura ma ba ki ji ba," ta ce. "Kokawar nan ba irin ta gida ba ce. Tun kafin a hau an gama shirya wanda zai ci. Shi aikinsa ya tsorata tsofaffi, su yi masa ihu, a zagaye na huɗu ya kwanta. Duk Asabar. Biyansa ake ya faɗi, Karima."

Ƙararrawa ta kaɗa a ciki.

Karimatu ta leƙa ta gilashin ƙofa. Ga shi yana hawa dandamali, ana ta yi masa eho, wata tsohuwa ta miƙe tana kai masa duka da jakar hannu. Da ya shiga tsakiya sai ya durƙusa, ya dafa ƙasa da tafukansa biyu, ya shafa a ƙirji. Haka ya taɓa nuna mata a filin ciyawa, ya ce haka babansa ke yi kafin a kama.

Nan ne hawayen suka ɓalle.

Ba ta tsaya ta ga ko zagaye na farko ba. Ta fita ta hau bas, hoton na matse a hannunta.

Washegari da hantsi tana ninke kaya a akwati Kawu Abdulƙadir ya kira ta falo. Ma'aikacin ofishin jakadanci ne, shi ya riƙe ta tun zuwanta. Jarida na kan cinyarsa, bai buɗe ba.

"Zubaida ta gaya mini."

"Na'am, Kawu."

"Yaron da na ce ya kawo mini takardar shaidarsa da manyansa, ashe yana can da ɗan kamfai yana birgima a gaban matan Turawa. Me zan rubuta wa babanki?"

"Kawu, sana'a ce..." Ita kanta ta yi mamakin bakinta. "Ba sata ya yi ba."

Ya daɗe yana dubanta ta saman tabarau.

"Har yanzu kina sonsa ke nan."

Ta sunkuyar da kai.

"To shi ke nan. Ni ba na so, ban ɓoye miki ba. Amma in sana'a ce, ya hawo benen nan ya zauna a kujerar can ya faɗa mini da bakinsa. Ya ce Kawu, na faɗi jarrabawa, ga abin da nake ci da shi. In ya iya wannan, zan saurare shi, tafiyarki ma sai a sake dubawa. Amma ba zan ba maƙaryaci 'ya ba."

Ko azahar ba a yi ba aka danna ƙararrawar ƙofa.

Ta sauka da gudu, matakala sha huɗu, ba ko takalmi.

Yana tsaye a bakin ƙofa cikin tsohuwar kwat ɗinsa, ana yayyafi. Ya rame. Leɓensa ya fashe, ido ɗaya ya kumbura. Amma murmushi yake, irin na yaron da ya zo da albishir.

"Karimata... ban faɗi ba."

"Me?"

"Jiya. Zagaye na huɗu ya yi, alƙalin wasa na yi mini ido in kwanta, na ce yau kam a'a. Kina cikin zauren nan zan kai bayana ƙasa? Na ɗaga ƙaton da aka haɗa mu na maka shi, kamun gida, irin na Baba! Wurin ya kaure. Sun kore ni, sun karɓe fatar, a bayan fage ma sai da suka taru a kaina. Ban damu ba." Ya matso. "Kin gani ai? Kin ga yadda na yi?"

Ta girgiza kai.

"Ban gani ba. Na tafi tun kafin a kama."

Murmushin ya mutu a fuskarsa.

"Saboda ke na yi..."

"Yaushe na ce maka kada ka faɗi?" Hawaye ya zubo mata. "Yaushe, Nata'ala? Ka faɗi sau ɗari mana! Ni ma'aikaciyar jinya ce, ɗaga waɗanda suka faɗi ne aikina. Cewa na yi ka amsa ni. Ka iya jefar da aikin don bayanka, ka kasa jefar da shi don sunana?"

"Kunya ce, Karima. Ba ki san yadda..."

"Wata takwas ina sumbatar tambarin Newcastle a kan wasiƙunka."

Ya runtse ido.

Ta share fuska da gefen mayafi, ta kamo hannun rigarsa. Har yanzu zuciyarta ba ta yarda ta sake shi ba.

"Ji nan. Kawu na sama. Ya san komai, kuma ya ce zai saurare ka. Ka hau ka gaya masa da bakinka, yadda abin yake. Shi ke nan abin da ya nema. Ni zan zauna kusa da kai. Ko ɗakin haya ɗaya ne a Edmonton, zan zauna. Zo mu je."

Ya ɗaga kai ya dubi matakalar.

Mutumin da jiya ya ɗaga ƙato sama, ta ga ya kasa ɗaga ƙafa.

"In ya sani, gobe Gwadabawa ta sani," ya ce a hankali. "Baba ya sayar da shanu ya yi walima ranar da zan taho. Ana kiransa Baban Injiniya..." Ya juyo gare ta. "Karimata, ki taimake ni. Ki ce masa Zubaida kuskure ta yi, wani ta gani mai kama da ni. Ki ce saura mini shekara ɗaya. Zan sake zama jarrabawar, wallahi zan ci, babu wanda zai taɓa..."

"Nata'ala."

Ya dube ta.

"Ka ce sun karɓe fatar."

"Sun karɓe."

"To me ya sa har yanzu ban ga fuskarka ba?"

Yayyafin na sauka a kafaɗarsa.

Ta kamo hannunsa na hagu, ta juya shi. Ta bi tabon da ɗan yatsa, ɗinki bayan ɗinki, har bakwai. Na biyar ya ɗan karkace, nan ne ya yi mata magana hannunta ya goce.

"Ina sonka," ta ce. "Allah ya sani. Amma ba zan hau in yi wa Kawu ƙarya ba. Zan bar ƙofar nan a buɗe. Sha huɗu ne kawai."

Ta saki hannun ta juya.

Ba ta waiwaya ba. A falo ta samu Kawu ya sa an kawo shayi, kofi uku. Ta zauna kusa da kujerar da babu kowa, ta harɗe yatsunta, ta kasa kunne. Zubaida na tsaye a ƙofar kicin, ita ma ba ta motsi.

Katakon matakala ya yi ƙara.

Ɗaya.

Biyu...

Takun ya tsaya.

Tururin shayin ya rage, ya rage.

Sai suka ji an ja ƙofar waje a hankali, cikin ladabi, yadda baƙo mai kunya ke rufewa don kada ya dami masu gida.

Ƙyas.

Kawu ya cire tabarau ya goge, bai dube ta ba. Can ya miƙa hannu ya ɗauke kofi na uku ya mayar kan faranti.

"Sha naki, 'yata," ya ce. "Gobe da sammako za mu fita."