Dutsen da Inna Ta Koɗa

Ƙwas... ƙwas... ƙwas!

Hamsatu ta ɗaga kai daga tabarma. Ba daka ba ne, ba faskare ba. Sai ka ce dutse ne ke tari a madafi.

"Malam, ka ji?"

Mijinta Hayatu ya riga ya zabura. Abu ɗaya yake ji wa tsoro: faffaɗan baƙin dutsen nan mai sheƙi, wanda kamfanin da ya yi wa birkila a Sakkwato ya bar masa, shi kuma ya ɗauko shi a bayan tifa har Gummi don amaryarsa ta riƙa ɗora kwanuka. In ka leƙa shi, taurari za ka gani ko da rana tsaka. Amma dokokinsa sun fi na jariri. Kada lemun tsami ya taɓa shi, kada tsamiya, kada a cuɗa shi da toka. Manja ya ɗiga, a goge nan take. Ruwan ɗumi da tsumma mai laushi kawai. Hamsatu ta gaji!

Suka tarar da Inna, mahaifiyarsa, durƙushe gaban fitila, makoɗi a hannu. Rabin dutsen ya yi fari, duk zanzana.

"Inna! Mi kinka yi?"

"Gyara, wanga yaro. Dutse sai santsi, ina za shi niƙa gero?"

"Ba na niƙa ba ne!"

"To na mi ne? Na gaisuwa?"

Ba a yi wa uwa tsawa. Sai ya juya kan matarsa.

"Ke kinka kai ƙarata!"

"Wallahi ce mata kawai na yi dutsen na wahal da ni..." Hawaye suka zubo mata. "Kullum ka dawo, shi kake fara shafawa. Jiya na yi kitso, ka gani? Ɗigon miya ka gani!"

Hayatu ya karɓi makoɗin, ya leƙa dutsen. A rabin da ya saura da sheƙi, ga fuskarta nan, da sabon kitson, tana share ido da gefen zane.

"Sanyin idona... don ke fa na ɗauko shi."

"To ni ka duba!"

Ya dube ta, ya daɗe. Sannan ya miƙa wa Inna makoɗin.

"Ƙarasa, Inna."

Ƙwas! Hamsatu ta ƙyalƙyale da dariya cikin kuka.

Daga bayan zana muryar maƙwabciya Tabawa ta taso.

"Wai lafiya, mutanen gida? Wa ke koɗa dutse da dare, wa kuma ke dariya?"