Sunan da Ke Ƙarshen Kaset

Uwani na dawowa daga injin niƙa da ƙwaryar gari a ka, sai ga motar Illela ta tsaya bakin titin Tsarnawa tana sauke fasinja, kaset na tashi a ciki. Muryar Alkasum ce, saurayinta. Tun da ya bar orkes ɗin Yari, ƙungiyar makaɗan da yake ciki a da, ya fitar da kaset nasa shi kaɗai, ba inda ba a jin sa, daga teburin mai shayi har rumfar 'yan kabu-kabun Konni. Ta rage tafiya tana murmushi.

Waƙar ƙarshe ta ƙare, zaren kaset ɗin ya ci gaba da shuuu. Can sai muryar ta dawo, ba ganga, jita kaɗai.

"Uwani ɗiyar Malam Chindo, mai wushirya ta Tsarnawa..."

Ta tsaya cak.

Da ƙyar da jiɓin goshi Malam Chindo, ladanin unguwarsu, ya yarda ya ba mawaƙi ɗiyarsa. Sharaɗinsa ɗaya ne tak: sunanta ba zai shiga waƙa ba, don shi bai haifi ɗiyar da za a riƙa ambato a tasha da gidan giya ba. Alkasum ya durƙusa gaban dattawa ya rantse. Har an kawo goron sa rana.

Da la'asar Alkasum ya iso kan babur, zufa sharkaf. A bayan gidansu ya same ta, ya yi ta rantsuwa cewa tsohuwar waƙa ce, a ɗakin gwajin Yari ya yi ta tun kafin alkawarin, bai ma san an ɗauka ba. Su kuwa masu kwafin kaset na kasuwar Konni ba sa barin zare fanko, in waƙoƙi sun ƙare sai su cike wurin da duk abin da suka samu. Yari, wanda har yau bai huce da tafiyar Alkasum ba, shi ya miƙa musu ita kyauta. Mugu kenan, ya rama bai ko ɗaga murya ba.

"Na yarda da kai, masoyina... amma Baba hwa?"

"Shago-shago zan bi in karɓe su, abar ƙaunata."

"Har Malbaza? Har Sakkwato? Kai da bakinka ka ce ba motar da ba ta da shi."

Abin da yake alfahari da shi jiya, yau shi ke ba shi tsoro. Ta ce watakila Baba bai ji ba, tunda ko rediyo ba ya da ita. Ita kanta ba ta yarda da maganar ba.

A zaure suka iske Malam zaune kan buzu, ƙwaryar goro rufe da faifai a gabansa. Ashe da azahar, yana gama kiran salla, wata babbar mota ta tsaya daidai ƙofar masallaci, kaset ɗin na tashi a ciki. Uwani ta raɓe jikin bango. Alkasum ya durƙusa ya zayyana komai, Malam ya saurare shi har ƙarshe.

"Na ji, ba kai ka sa ba. Amma muryar wa ce?"

"Tawa ce, Baba."

"Sunan wa?"

Alkasum ya sunkuyar da kai.

Malam ya tura masa ƙwaryar a hankali. "Ɗauki goronka. Ban iya rufe bakin duniya, amma ina iya rufe ƙofata."

Kaset ɗin kuwa sai ma ya ƙara kasuwa, kowa na neman mai Uwani a ƙarshe. Ita ta daina fita bakin titi, amma katanga ba ta tare sauti. Kullum tana cikin gida tana jin sa yana wucewa, son Alkasum na cin ta, ba halin ta faɗa wa kowa.

Rannan tana daka, wata mota ta rage gudu a bayan gidan, muryar ta kira sunanta. Kafin ta ankara bakinta ya ce, "Na'am."

Innarta ta ji. Ta kau da kai, ta ci gaba da tankaɗe.