Kwano Na Biyar

"Ajiye jaridar nan, Sol-hwa, mu gani!"

Sol-hwa ta daskare a durƙushe.

Jajiberin bikin kaka ne a Busan da ke Koriya ta Kudu, gidan su saurayinta Gyu-min ya cika da ƙamshin suya. An ce ta shimfiɗa tsofaffin jaridu saboda ɗigar mai. Tana cikin shimfiɗawa ta ga hoton wani ɗan siyasa a shafin farko. Hannunta ya riga tunaninta: ta zare shafin, ta shafe ƙurar fuskar, ta ɗora shi can saman kabad.

Hye-rin, wadda mahaifiyar Gyu-min ta daɗe tana yi wa ɗanta sha'awa, ita ce mai maganar. Ta yi murmushin mugunta.

"Mama, kin gani? A nan wa ke tsoron taka hoton ɗan siyasa? Mu da muke naɗe kifi da su! 'Yar Koriya ta Arewa ce, can ne taka hoton shugaba yake laifi. Kuma na ga wata waya a jakarta, lambar ƙasar Sin ce a kai."

Mama, mahaifiyar Gyu-min, ta ajiye cokali a hankali.

"Ba ce mini kika yi daga lardin Gangwon na nan Kudu kike ba?"

Sol-hwa ta dubi Gyu-min. Shi ne ya ce ta ɓoye. "Sai bayan aure, masoyiyata, kin san halin tsofaffi..." Ga shi yanzu ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da sata.

"Yaya... ka yi magana mana," in ji Sol-hwa.

Gyu-min ya ƙara sunkuyar da kai.

Abin takaici! Manyan ƙasashe biyu masu taƙama da nukiliya sun ja layi a taswira sun raba Koriya biyu, kowa na cewa aƙidarsa ce gaskiya, suka kaɗe riga suka tafi. Har yau jikokin waɗanda aka raba suna shinshinar juna a ɗakin girki, ana cewa ai haka aka saba.

"Da wayar nake jin muryar mahaifiyata," in ji Sol-hwa, hawaye na zuba. "Minti uku, sau biyu a shekara. Sai ta hau dutse kusa da iyakar Sin kafin ta samu layi."

"Ko kuma ki kai wa gwamnatinku rahoto!" in ji Hye-rin.

"Ba zan haɗa jini da wadda ban san wa ya aiko ta ba," in ji Mama. "Ɗauki jakarki."

Sai a lokacin Gyu-min ya miƙe.

"Mama, ƙaryar tawa ce. Ni na sa ta. In ta fita, tare za mu fita."

"Wane gari?"

Kowa ya juya. Kaka ce, mahaifiyar baban Gyu-min, mai shekara casa'in, wadda aka zaci gyangyaɗi take a lungu.

"Hamhung, Kaka."

"Doguwar gadar nan ta kan kogi... tana nan?"

Sol-hwa ta zaro ido.

"Tana nan. Ta kanta nake zuwa makaranta."

Kaka ta rufe fuska da tafukanta.

"A bakinta na saki hannun ƙanwata lokacin yaƙi. Na ce ta jira ni, kwana uku zan dawo."

"Inna!" Mama ta dafe ƙirji. "Ba a Busan aka haife ki ba?"

"In da na faɗa, da mijinki ya samu aikin gwamnati? A wancan zamanin mai dangi a Arewa abin tuhuma ne." Ta harari surukarta. "Jinin da kike gudu, shekara talatin kina dafa masa abinci."

Hye-rin ta lalubi takalmanta. Ba wanda ya raka ta.

Gyu-min ya matso.

"Ki yafe mini, hasken idona."

"Ka daɗe kafin ka tashi," in ji Sol-hwa. Amma ba ta janye hannunta ba.

Washegari da safe aka jera abincin magabata. Mamata huɗu ake tunawa a gidan, amma kowace shekara kwano biyar Kaka ke cewa a zuba, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Mama ta ɗauko na biyar, wanda yanzu kowa ya gane na ƙanwar Kaka ne. Sannan ta miƙa wa Sol-hwa.

"Ungo... 'yata. Ke kika san hanyar garinsu."