Akwatin Malamin Lissafi

A wani gari can, wani malamin lissafi ya rasu, ya bar 'ya'ya mata biyu da akwatin littattafai ɗaya. Ya bar wasiyya a allo: wadda ta samo mafi ƙanƙantar amsar da 2x + 2 da 3x + 3 za su raba ba saura, akwatin nata ne.

Babbar ta yi sauri ta ninka su, amsa ta yi tsawo. Ƙaramar ta warware wannan, ta warware wancan: 2(x + 1) da 3(x + 1). Ta rubuta 6(x + 1).

"Ke, ina ɗaya (x + 1) ɗin?" in ji babbar.

"Yaya, abin da ke cikinsu duka, sau ɗaya Baba yakan rubuta shi."

Akwati ya zama nata. Ta dubi akwatin, ta dubi yayarta, ta bar shi a ɗakin Baba, a buɗe.