Filogin da Na Zare Ranar Tsawa

Kai da ka turo wa kwamfutar jikata abin nan da kuke kira sabuntawa, kai ka raba ni da yarinyar da na raina da hannuna. Ban san sunanka ba. An ce mini kuna da yawa a wani dogon bene a wata ƙasa, to ku taru ku saurara. Ni ce Deolinda mai kifi a Caxinas, unguwar masunta a bakin teku, ban taɓa zama a aji ba, kuma ban iya ɓoye-ɓoye ba.

Telma sunanta. Uwarta ta rasu tana goye, ubanta Zeferino, ɗana, teku ya tafi da shi tana sakandare, kamar yadda ya tafi da mijina. Duk bidiyon da ya taɓa ɗauka da wayarsa yana cikin kwamfutar nan, kuma duk Lahadi bayan coci mukan zauna mu kalle shi yana shirme a jirgi.

Ranar da abin ya faru ta tafi aikinta na asibiti, ta bar kwamfutar a kan tebur a jone, don batirinta ya daɗe da mutuwa. Wani rubutu ne a fuskarta, da wani ɗan zobe yana ta juyawa. Da la'asar hadari ya taso daga teku, aka fara tsawa. A gidan nan idan ana tsawa komai zare shi ake yi, har firiji, a kunna kyandir, a kira sunan Waliyyiya Barbara mai tsare mutane daga tsawa. Haka uwata ta yi, haka na yi. Na zare filogin.

Da Telma ta dawo ta kunna, sai kwamfutar ta taso, ta mutu, ta sake tasowa, ta sake mutuwa. Washegari ta ɗauke ta zuwa shagon gyara da ke bayan kasuwa, na bi ta, don ba zan bar muryar ɗana a hannun baƙo ban ga idonsa ba.

Wani dogon saurayi muka tarar, siriri, da hannu mai laushi wanda bai taɓa jan igiyar jirgi ba. Isidro sunansa. Yana buɗe baki na ji harshen mutanen duwatsu.

"Me ya same ta?" ya tambaya.

"Sabuntawa na bar ta tana yi, na dawo na tarar da ita haka," in ji Telma.

Ya danna nan, ya danna can, ya soka mata wani ɗan filashi, ya karanta abin da ya fito. "Hanya mafi sauri ita ce a wanke ta tas, a zuba mata komai sabo. Amma abin da ke ciki ya tafi ke nan. Akwai abin da ba ki da shi a wani wuri?"

Ni na amsa masa.

"Ɗana ne a ciki. Ka wanke shi, in wanke ka."

Bai yi dariya ba. Ya dubi Telma, ya daɗe yana dubanta fiye da yadda gyaran kwamfuta ke bukata. "To ba za a wanke ba. Zan ciro ma'ajiyarta in haɗa da tawa na'urar, in riƙa kwashewa ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun ji rauni, sai an lallaɓa. Zai ɗauki lokaci."

"Ba na sauri," in ji ta, tana kallon ƙasa.

Na tsufa ina sayar da kifi, na san fuskar wanda ya riga ya saya tun bai tambayi kuɗi ba. Su biyun duka fuskar da na gani ke nan.

Daga nan hanyar Telma ta gida daga asibiti ta koma bi ta bayan kasuwa. Ba a jima ba sai ga shi a teburina. Na gasa sardin, na aza masa a kan burodin masara yadda kowane ɗan mutunci ke ci da hannu, sai ya nemi wuƙa da cokali mai yatsu. Maƙwabciyata Alzira ta leƙo ta taga ta ce, "Deolinda, tiyata zai yi wa kifin ne?" Telma ta yi dariya har da hawaye, shi ma ya taya ta. Ni ban yi ba.

Mu mutanen teku ba ma ba ɗan tudu 'yarmu. Yarinyar gida tana auren mai jirgi, ta zauna a layin da aka haife ta, ta rufe wa tsofaffinta ido ranar mutuwarsu. Kuma ina da wanda na zaɓa mata, Amandio jikan Alzira, mai faɗin kafaɗa, wanda ke da rabo a jirgin ubansa. Isidro kuwa ya faɗa da bakinsa cewa aikin koyo ya kawo shi, zai koma garinsu can cikin duwatsu ya buɗe shago, don uwarsa ita kaɗai ce.

Wata safiya ya same ni a rumfata ina fere kifi. Dona yake kirana, yadda ake girmama babbar mace a wajenmu.

"Dona Deolinda, zan yi tambaya, kada ki ji haushi."

"Na riga na ji. Yi."

"Na'urar ta nuna wuta ta yanke mata tana tsakiyar aiki. An ɗauke wuta a layinku ranar?"

"Ba a ɗauke ba. Ni na zare. Tsawa ake yi."

Ya shafa kai. "Rubutun da ke fuskarta cewa yake kada a kashe."

"Da wa yake magana? Da ni?"

Sai ya ce, "Na gaya wa Telma abu ne da kan faru haka kawai. A bar shi a haka. Ba na son ta riƙa kallonki tana tuna wannan."

Na ce masa ya matsa, yana tare mini masu saye. Amma ranar sau biyu na yanke yatsa.

Telma kan manta wayarta a kicin. Na miƙa wa Alzira na ce ta karanta mini saƙonninsu da Isidro, ta sa tabarau tana ƙara wa murya zaƙi don ta ƙular da ni.

"'Yar Teku, yau na ceto bidiyon da babanki ke waƙa a jirgi. Muryarsa ba daɗi, amma na saurara har ƙarshe. Dariyarku iri ɗaya ce."

"Ɗan Tudu, kada Kaka ta ji ka ce muryar ɗanta ba daɗi. Ka ci abinci kuwa?"

"Na ci. Da hannu na ci, na rantse. Ina ta koyo saboda ke."

Alzira ta ajiye wayar ta ce, "Jikana bai taɓa rubuta abin da ya wuce 'kina ina' ba. Mun faɗi, ƙawata."

Amandio dai bai yarda ya faɗi ba. Ya riƙa zuga Telma cewa da gangan yaron ke jan aikin don ta yi ta zuwa. Ya matsa har ta karɓo kwamfutar ya kai wa wani abokinsa a babban kanti. Abokin ya duba ya ce ai wannan wuta ce ta yanke mata, ko ɗan koyo zai gani, kuma maganinta wankewa.

Ta shigo gida idonta jawur. "Kaka, ƙarya ya yi mini. Ya san dalili ya ɓoye. Wata ƙila ma a hannunsa ta ƙarasa lalacewa. Mutumin da zai yi mini ƙarya a kan babana, me ya rage?"

Wayarta ta yi ƙara, ta karanta a fili cikin fushi. "'Yar Teku, ki yi fushi da ni yadda kike so. Abu ɗaya nake roƙo, kada ki bari su wanke ta. Saura kaɗan in gama."

Ta kifa wayar. "Ko bayani ba zai yi ba!"

Ina tsaye gaban tukunyar farfesun kifi. Da na ci gaba da juyawa na yi shiru, da yanzu tana ɗakinta na sama, da Amandio na gyara mini rufin kwano. Na sani sarai. Amma ban taɓa sayar da ruɓaɓɓen kifi na ce na yau ne ba.

"Ni na zare filogin. Ya sani, ya rufa mini. Kuma in aka sake tsawa gobe zan sake zarewa."

Ta tsaya tana kallona. Sai ta fita da silifas ɗin gida. Ta tarar abokin Amandio bai kai ga wanke kwamfutar ba, ta karɓo ta ta mayar wa Isidro.

Ranar da Isidro ya gama, da kansa ya kawo ta, da sabon batir a ciki. Ya kunna. Sai ga Zeferino ya cika fuskarta, iska na kaɗa masa gashi, yana ihu, "Inna, ɗora tukunya, yau teku ya yi kyauta!" Biyu daga cikin bidiyon ba su dawo ba, ya faɗa mana bai ɓoye ba. Sauran duk suna nan.

Da muka natsu na ce masa, "In kana son ta, ka zauna nan. Ga ɗaki."

"Dona Deolinda, da zan iya da na zauna. Tawa tsohuwar ma tana zaune ita kaɗai tana kallon hanya."

Na juya ga Telma. "Ke kuma? Ga Amandio a bakin ƙofa, ɗan gida."

Ta durƙusa ta riƙe hannuna. "Kaka, tun ina ƙarama nake ganinki a taga duk lokacin da iska ta juya. Kin jira kakana, kin jira babana. Ni mijin da zai rufe shago da yamma ya dawo nake so."

Na daɗe ina tunanin al'adar nan tamu. Mun ce muna tsare 'ya'yanmu ne kusa da mu, alhali baƙaƙen kayan takaba muke ɗinka musu tun suna 'yan mata. Duk layinmu babu gidan da ba a sa su ba.

An ɗaura auren a cocinmu na bakin teku. Uwar Isidro ta sauko daga duwatsu da buhun gyaɗar kurmi irin tasu da cinyar nama busasshiya, 'yar ƙaramar mace mai taurin kai, mun yi faɗa a kan gishirin miya kafin mu gaisa sosai. Amandio ya zo, ya ci ya fi kowa. A bakin motar da za ta kai su duwatsu na dafa kawunansu na ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su 'ya'ya masu jin magana fiye da uwarsu, ya sa su tsufa tare a gado ɗaya. Na ce wa Isidro in ta yi kuka ta dalilinsa zan hau dutsen nan da ƙafata. Ya ce, "Na sani, Kaka." Ban hana shi kira na haka ba.

Da su ba ni da rigima. Yaron kirki ne, tana cikin farin ciki, ina jin sa a muryarta duk yamma idan ta kira.

Rigimata da kai ce. Na'urar da ke iya fito da muryar mamaci ta cika ɗaki, ta kasa buɗe baki ta ce, "Tsohuwa, kada ki zare ni"? Kun rubuta gargaɗinku kun tafi, kamar duk duniya an je makaranta. Yanzu kwano ɗaya nake wankewa. Ba na son takarda, ba zan iya karanta ta ba, kuma ba na son muryar nan ta waya da ke cewa in danna lamba. Mutum nake so mai suna da fuska. Ya zo Caxinas, ya tambayi gidan Deolinda, kowa zai nuna masa. Ya zauna a kujerar Telma, ya dube ni, ya gaya mini wanda ya yanke cewa irina ba su cancanci a yi musu magana ba.