Fitilar da Ba ta Kama Ba

Da hantsi aka kira Sufeto. Wata ƙaramar mota ce ta kama da wuta a kan babban titi, ta ƙwace ta daki gindin gada. Direban, wani saurayi da ake kira Auta, ko asibiti bai kai ba. Abokinsa da ke gefe ya tsira da karaya.

Sufeto ya ga gawa iri-iri, amma kukan tsoho har gobe bai saba da shi ba. Mahaifin Auta ya damƙe masa hannu a ƙofar asibiti.

"'Ya'ya biyu Allah Ya ba ni, ranka ya daɗe, ga ɗaya can kwance. Mai Kwamfuta ne ya kashe min shi. Ni na kai masa motar ya ɗaure min ita, ya rage mata gudu, don yaron nan ƙafarsa nauyi gare ta."

Babban ɗansa, wanda kowa ke ce wa Yaya, mai gyaran wayar mota, yana tsaye ido jawur. "Shi ne. Babu wanda ya taɓa motar sai shi."

A shagonsa aka sami Mai Kwamfuta, cikin wayoyi da tarkace.

"Yallaɓai, motocin nan ƙwaƙwalwa gare su. Ita ke faɗa wa turbo yawan iskar da zai hura wa inji. Ko ka ɗaure mota, ko ka sake ta. Ni ɗaurewa na yi, wallahi ko mai keke sai ya wuce ta."

"Mai keken ne ya nannaɗe ta a gindin gada? Saje, sa shi a mota."

Abokin Auta ma da farko ƙarya ya shimfiɗo daga kan gadon asibiti, wai a hankali suke tafiya. Sufeto ya zuba masa ido kawai, har ya karaya.

"An sake ta, yallaɓai. Tashi kawai ba ta yi. Na tambayi Auta wa ya yi masa, ya ce sirri ne."

"Da injin ya ɗau zafi, me ya hana ku tsayawa?"

"Ina muka sani? Ko fitila ɗaya ba ta kama ba. Hayaƙi kawai muka gani."

Injiniyan 'yan sanda ya ciro ƙwaƙwalwar daga ƙonannen ƙarfen, ya haɗa ta da na'urarsa. Lallai an ɗaure motar, daga baya wani ya bi ya kwance.

"Wannan ba sabon abu ba ne," in ji shi. "Amma in aka matsa wa turbo haka, fitilar gargaɗi takan kama. Shi wannan ya toshe bakin fitilun gaba ɗaya, har da ta zafi."

To wa ake ɓoye wa? Auta dai ya san abin da yake tuƙawa. Da wannan tambayar Sufeto ya koma gidan rasuwa, ya durƙusa kusa da tsohon.

"Baba, kana shiga motar nan?"

"Shi ke kai ni ganin likita. Ni ban san mota ba, amma na san fitila. Na ce musu ranar da na ga ta kama, ranar zan karɓe makulli."

"Su wa ka ce wa?"

"Shi da yayansa mana."

Kaico! Sufeto ya so a ce bai tambaya ba. Ya yafito Yaya, suka fita bakin ƙofa.

"Mai Kwamfuta bai san Baba na duba fitila ba. Kai ka sani."

Yaya ya buɗe baki zai musa. Sai ga tsohon ya biyo su yana dogara sanda. Yaya ya zube a gabansa.

"Ni na sake ta, Baba. Abokai suka yi ta yi wa Auta dariya, ya yi ta roƙona. Tun yana rarrafe ban iya hana shi abu ba. Na kashe fitilar don kada ka gani ranka ya ɓaci. Tsoro ya sa na ɗora wa bawan Allah can."

Tsohon ya dube shi.

"Ai da ka bari ran nawa ya ɓaci. Da yanzu yana ɗaki yana min gunguni."

Sufeto ya ce wa Saje ya buga ofis a saki Mai Kwamfuta. Ankwar da ya ciro ya mayar aljihu, don Yaya da ƙafarsa ya nufi motar 'yan sanda. Har an rufe ƙofa, tsohon ya lallaɓo ya dafa gilashi.

"Ranka ya daɗe, in kun isa ku ba shi abinci. Tun ranar bai sa komai a bakinsa ba."